Wa Ya Taɓa Motar? Ɓarnar Da Ake Yi Wa Motoci A Inda Aka Ajiye Su

(Taken shiri)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Bukkuyum da Nasarawar Burkullu da Gwashi da Zugu da Adabka, har zuwa Gummi da Anka, da direbobin da ke kan hanya a wannan lokaci da rediyo a kunne. Allah ya sauke ku lafiya.

Yau maganar mota za mu yi, amma ba motar da ke gudu ba. Motar da ke tsaye, an kashe ta, an kulle, mai ita ya shiga masallaci ko kasuwa ko ya kwanta barci, ya dawo ya tarar an karce mata fenti, ko an fasa gilas, ko an sace taya, ko ya murza makulli ya ji shiru domin batir ya yi ƙafa. Me ke sa mutum ya yi wannan aiki? In kuma ya faru da kai, me za ka yi?

Wani zai ce, malam, mu da muke fama da 'yan bindiga, yau kuma ta fentin mota ake? Gaskiyarka, wanda aka tare a hanya aka ƙone masa mota yana cikin wani hali daban, kuma ba shi ne batunmu na yau ba. Amma a yi la'akari da abin da mota take a wannan yanki namu. A birni gida ɗaya sai ka ga mota uku. A ƙauyukanmu kuwa, Golf ɗin nan guda da ke kwana a gindin darbejiya ita ce motar kasuwa, ita ce motar amarya, ita ce kuma motar asibiti ranar da naƙuda ta zo wa mace da gardama cikin dare. Wanda ya cire mata batir da ƙarfe biyun dare bai san wa zai buƙace ta da ƙarfe uku ba. Mai yiwuwa ma uwarsa ce.

To, mu fara da mafi yawa, wato ɓarnar da ciki ke sawa.

Mafi yawan abin da muke kira ɓarna sata ce da ta bar tabo. Ɓarawo ba gilas ɗin ya tsana ba, wayar da ke kan kujera yake so. Ba murfin tanki ne ya yi masa laifi ba, man da ke ciki yake hari. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Ka ga ke nan tankin da aka cika da yamma ya zama asusu a ajiye a bakin titi, kuma abin da ake buƙata a buɗe shi tiyo ne da jarka kawai. Batir ma haka. A garuruwan da wutar lantarki ta zama baƙuwa, batirin mota yana da masu so: mai cajin waya, mai sola, mai gidan kallo. Sai madubin gefe, da fitilu, da birenbos, da abin nan na cikin salansa da kanikawa ke ce wa indomi, wanda ake farautarsa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, irin su filatinam.

Tambayar da ba mu cika son yi ba ita ce: wa ke saye?

Babu yaron da zai kwanta ƙarƙashin mota cikin duhu yana yanka salansa sai ya san hannun da zai miƙa wa da safe. Kuma sau da yawa mai sayen nan ba wani mugu ne daga nesa ba. Ni ne, kai ne. Direba ne da madubinsa ya fashe, ya je wurin bakanike, bakanike ya ce, "Sabo dubu kaza ne, amma akwai wani na hannu, rabin kuɗi." Ba ya tambaya daga ina. Ya ɗaura, ya yi godiya, ya tafi yana murna ya yi arha. Wata uku a tsakani a cire nasa, ya zo tasha yana Allah ya isa. A manyan kasuwannin kayan gyara irin Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna akwai 'yan kasuwa na ƙwarai masu yawa, masu rasit da shago da suna. Matsalar tana wurin kayan da ke zuwa a leda, ba kwali, ba rasit, da guntun waya a jikinsu wadda ka gani ka san yanke ta aka yi da gaggawa. Bakanike ya san wannan alama sarai. Ɗan gwangwan ma ya san ta. In suka ƙi karɓa, rabin wannan sana'a ta mutu a mako guda.

Bari in ɗan ratse a kan batir, domin mu mutanen Bukkuyum da Anka muna da dalilin da wasu ba su da shi. Batirin da aka sata in ya ƙi riƙe caji, ƙarshensa a fasa shi a bayan gida, a zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar ciki a sayar. Dalmar nan kuwa mun san ta. Ita ce a shekarar 2010 ta kashe mana yara sama da 400 a garuruwa irin su 'Yargalma da Dareta da Abare, lokacin da ake niƙa duwatsun zinari a tsakar gida, har ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta zo ta zauna da mu shekaru tana magani. Wancan karo daga dutse ta fito, amma gubar ɗaya ce. Ƙurarta in ta zauna a ƙasar da yaro ke rarrafe, ba ta tambayar daga ina ta zo. Wanda duk ya ga ana fasa batir a cikin unguwa, ya yi magana, ko da batirin na halal ne.

Dalili na biyu shi ne gaba. Wannan kam da ganin aikin ka san shi, domin ba a ɗauki komai ba. An bi jikin mota da ƙusa tun daga fitilar gaba har but, layi ɗaya, ba karkata. Ko an soke taya huɗu. Ko an zuba yashi a tanki. Mai wannan aiki ya san motar, ya san mai ita, ya san inda take kwana. Rikicin layi ne a tasha, wani ya ga an yi masa tsallake wajen lodi. Bashi ne aka hana shi. Karen mota ne aka kora ba a ba shi haƙƙinsa ba. Neman aure ne aka kasa shi. Maƙwabci ne da kullum kake toshe masa ƙofar gida, ya yi magana sau ɗaya, sau biyu, ka yi kunnen uwar shegu. Ba ina wanke shi ba ne. Wanda ya kasa fuskantarka da rana ya bi dukiyarka da dare, ragon namiji ne, ko me aka yi masa. Amma in an yi maka irin wannan, ka zauna ka tuna da wa ka yi sa-in-sa a 'yan kwanakin nan, ka kuma tambayi kanka ko akwai haƙƙin wani a wuyanka. Wani lokaci biyan ɗan abin da yaron motarka ke bin ka ya fi ɗaukar mai gadi sauƙi.

Akwai na siyasa, wanda ba sai na daɗe a kansa ba, duk mun gani. Lokacin kamfe a jefi ayarin motoci, a bi ta kan motar bawan Allah da ya zo sayen magani domin kawai an ga fosta a gilas ɗinsa. Bayan zaɓen Afrilun 2011 an ƙone motoci masu yawa a garuruwan Arewa, haka ma a Kano lokacin zanga-zangar watan Agustan 2024. Galibi masu motocin ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ga ƙwaya kuma, da ke sa yaro ya fasa gilas ya tsaya yana dariya, gobe ka tambaye shi dalili ya rasa.

Sai yara ƙanana. Ku zo mu tsaya ranar kasuwar Nasarawar Burkullu mu kalli mota guda. Ta taho tun daga Gusau, ta biyo ta Anka, ƙura ta lulluɓe ta har ba ka gane launinta. Direba ya faka a gefe ya tafi neman shayi. Yaro na farko ya zo ya sa yatsa a gilas ɗin baya ya rubuta "a wanke ni". Na biyu ya ga abin ya burge shi, shi kuma ba yatsa zai sa ba, marfin kwalba ya tsinta, ya zana jirgin sama a ƙofa. Na uku ya ɗare bonet yana zamiya da takalmin roba mai yashi a ƙasansa. Na huɗu ya tsuguna wurin taya ya tura tsinke a bawul domin ya ji iska tana cewa fiii. Duk wannan a gaban manya ake yi, mai rake yana gani, mai faci yana gani, babu wanda ya ce kai. Yaran nan ba su san fenti kuɗi ne ba. Wa ya taɓa gaya musu?

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan batun ɓarnar da ake yi wa motoci a inda aka ajiye su.

Akwai wani gwaji da wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Stanford a Amurka, Philip Zimbardo, ya yi a 1969, wanda nake ganin ya shafe mu. Ya samo tsofaffin motoci biyu, ya cire musu lamba, ya ɗaga bonet, ya bar ɗaya a unguwar Bronx ta birnin New York, ɗaya kuma a garin Palo Alto na jihar Kalifoniya, inda masu hali ke zaune. Ta Bronx ba ta yi minti goma ba aka far mata. Waɗanda suka fara kuwa ba 'yan daba ba ne, magidanci ne da matarsa da ɗansu, suka cire lagireto da batir. Kwana ɗaya duk wani abu mai daraja ya tafi. Ta Palo Alto ta fi mako guda babu wanda ya taɓa ta. Sai shi malamin ya ɗauko guduma da kansa ya fara dukanta. Daga baya masu kallo suka sa hannu, cikin 'yan sa'o'i suka kifar da ita.

Abin da na fahimta a nan shi ne, mutane suna karanta mota. In ta nuna alamar ba mai kula da ita, hannun da bai taɓa sata ba ma sai ya yi ƙaiƙayi. Ku duba motar da ta lalace ko ta yi haɗari a hanyar Anka zuwa Daki Takwas, aka bar ta saboda yamma ta yi kuma hanya ba ta kwanuwa. Ranar farko batir da sifiya. Rana ta biyu tayoyi, an ɗora ta a kan duwatsu. Bayan mako sai ƙwarangwal. Kowa da ya cire wani abu ya gaya wa zuciyarsa ai ta riga ta mutu. Ba ta mutu ba, tana da mai ita, kuma wataƙila yana kwance a asibiti. Saboda haka direba, in dole ta sa ka bar mota a hanya, ka yi ƙoƙari a ja ta ko a tura ta zuwa gari mafi kusa, ka danƙa ta a hannun mai unguwa ko shugaban tasha a gaban shaidu, ka cire batir da takardu ka tafi da su. Haka kuma a gida, gilas ɗin da ya fashe kar ka bar shi wata guda da leda. Kana sanar da masu wucewa ne cewa ka saki.

To, an yi maka. Ka fito da asuba ka ga aika-aika. Me za ka fara yi?

Kar ka tayar da motar tukuna. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace tsada a shirin yau. Ka zagaya ta. In ka ga murfin tanki a buɗe ko an ɓalle shi, ko ka ga yashi ko sukari a bakinsa, kar ka ko murza makulli, domin a yawancin motocin yanzu da ka murza famfon mai zai fara ja. Abin da ke cikin tanki kawai, a sauke tanki a wanke, a canza filta, an gama. In ka bari ya shiga famfo da nozul, kuɗin ya ninka. Ka duba notocin taya da sifana, ko an kwance su. Ka leƙa ƙasa ko akwai mai ko ruwan birki da ya zuba, ka taka birki ka ji ko yana da ƙarfi. In batir aka cire aka yanke wayoyi, ka kira mai wayarin, kar ka aro batir ka haɗa da ka, domin juya kan batir sau ɗaya na iya ƙone birenbos.

Sannan ka ɗauki hoto da waya kafin ka taɓa komai, na kusa da na nesa, har da sawun ƙafa in akwai. Ka kira mutum biyu su gani da idonsu. Ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri, in a tasha ne ka sanar da shugabannin ƙungiyar direbobi, sa'an nan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda. Na san abin da za ku ce, kai rahoto wahala ce kuma da wuya a kama kowa. Duk da haka ka kai. In an kama kayanka a hannun wani bayan wata biyu, rahoton nan ne zai nuna naka ne. Kamfanin inshora ma ba zai saurare ka ba sai da shi.

Tun da an ambaci inshora, a gyara wata fahimta. Takardar da yawancinmu ke riƙe da ita, wadda 'yan sanda ke tambaya a shinge, ƙaramar inshora ce. Hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida tun 1 ga Janairu, 2023, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Amma dukiyar wani, wadda kai ka lalata da motarka. In taka aka fasa, ko sisi ba za ta ba ka ba. Mai biyan wannan ita ce cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota a shekara. Motar miliyan 4 ke nan naira 200,000. Ko ita ma ka sa a karanta maka sharuɗɗan, domin sau da yawa ɓarnar tarzoma da zanga-zanga ba ta ciki sai an ƙara kuɗi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, wadda aka tsara bisa ƙa'idar Musulunci, kuma akwai kamfanoni masu lasisi da ke yin ta a Najeriya.

Wajen gyara kuwa, karce iri biyu ne. Ka bi shi da farce. In farcen ya wuce sumul, a sama yake, man goge fenti zai ɓatar da shi. In farce ya maƙale, ko kana hango ƙarfe, to ka kai wa mai fenti kafin damina, in ba haka ba tsatsa za ta ci ta ƙarƙashi. Gilas ɗin gaba in ya tsage, ka manna masa salatif domin ƙura kar ta shiga, ka kuma san cewa zafin rana da gargadar hanyoyinmu za su ja tsagar nan ta yi tsawo. Taya kuma, don Allah direbobi ku ji wannan. In a tafin taya aka soka ƙusa, faci ya wadatar. In a gefe aka yanka da wuƙa, ta tashi aiki. Mai faci zai ce zai ɗinke ya sa tub. Taya mai ɗinki a gefe, da lodin mutum goma da buhunan gero, a kan kwalta mai zafin watan Afrilu, ba na fatan kowa ya hau.

Rigakafin ba shi da wuya. Kar a bar waya ko jaka ko leda mai kama da ta kuɗi a kan kujera. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A sa mai walda ya yi wa batir keji da kwaɗo. A zana lambar mota a jikin madubi da fitilu, domin kayan da ke da lamba ba su da kasuwa. A kwana da mota a inda ake da haske ko ido, ko da za a ba mai gadi wani abu.

Saura magana ɗaya, mai nauyi: in an kama wanda ya yi.

Kar a yi ihun ɓarawo a tara jama'a. Mun san yadda abin ke ƙarewa. Madubin naira dubu goma, a wayi gari an ɗauki rai, mai mota da ya fito a matsayin wanda aka zalunta ya koma wanda ake nema da laifin kisa. Kuma sau nawa ake gano cewa wanda aka daka ɗin ba shi ne ba?

Hanya tana nan a buɗe. A dokar laifuka ta Arewa ɓarnata dukiyar wani da gangan laifi ne mai ɗauri ko tara, kuma Zamfara tana da kotunan shari'ar Musulunci da ke sauraron laifuka tun shekarar 2000. A fiƙihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure, wanda ya lalata dukiyar wani lamuninta yana kansa, da gangan ya yi ko bisa kuskure. Bambancin yana wajen zunubi da horo, amma biya dole ne. Ƙuruciya ma ba ta kayar da lamuni. Don haka uban da zai ce "ai yaro ne" ya kama hannun ɗansa ya wuce, bai gama magana ba. Mai mota yana da ikon ya yafe, kuma yafiya alheri ce, amma shi zai yafe don kansa, ba a yafe masa ba. Dattawanmu na da wata ɗabi'a a wurin sulhu: da an zauna sai a juya kan wanda aka cuta, "Alhaji, ka yi haƙuri, ka bar wa Allah," a tashi ba a ce wa mai laifi ko kanzil ba. Yaron da ya ga haka ya koyi darasi, amma ba wanda ake so ba.

In za a yi sulhu a gaban mai unguwa ko hakimi ko shugaban tasha, a kira bakanike ko mai fenti wanda ba ɗan'uwan kowa ba ne ya faɗi kuɗin gyara. A rubuta a takarda: nawa ne, wa zai biya, yaushe, a dunƙule ko kashi-kashi. Shaidu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. In mai laifin ba shi da ko anini, a yanka masa aiki daidai ƙarfinsa, wankin mota ne ko dako a tasha, ana cirewa daga ladan har ya cika. In kuma kayan sata ne aka samu a shagon wani, a zaunar da mai shagon tare da yaron, a tabarma ɗaya, kuɗin gyaran a raba musu.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.

(Taken rufewa)